Tsintsiya Mai Giɓi

Mahaifina birkila ne, shekara talatin da takwas yana kwaɓa siminti, amma in ka shigo layinmu ka tambayi gidan birkila sai a tsaya ana kallon juna. Ka ce gidan Baba Tsintsiya, ko wanda ya tare jiya zai nuna maka ƙofarmu. Sunan ya samo asali ne daga wata tsintsiya mai dogon mariƙi da gashin roba mai tauri, irin wadda ake wanke daɓen gareji da ita. Sauran magina su ɗauki cokalin gini da ma'auni da igiya, shi kuwa ya ƙara da saɓa tsintsiya a kafaɗa ya kama hanya. Umma ta sha cewa da zai riƙa share mata tsakar gida da ita ko sau ɗaya a wata, da ta yafe masa kunyar da yake ba ta a layi.

Ba shara yake yi da ita ba. Duk inda aka zuba kankare, matuƙar ƙafa za ta taka kuma ruwa zai taɓa, matakala ce ko bakin famfo ko gangaren shiga gida, sai Baba ya tsaya a kai yana jira ya fara kamewa. Yana da gwajinsa. Zai danna babban yatsa. In ruwa ya taso, da saura, in kuma yatsan ya bar alama ya fito tas, lokaci ya yi. Sai ya miƙa tsintsiyar can ɗaya gefen ya jawo ta zuwa gabansa, ja ɗaya, ba tsayawa, ko numfashi ba ya yi sai ta iso. Takan bar siraran layuka a jere, a gicciye da hanyar tafiya. In wurin ya bushe ka shafa da tafin hannu, sai ka ji kaushi kamar harshen kyanwa. In ka taka da jiƙaƙƙen silifa kuwa, sai ka ji ƙasa ta riƙe ka.

Tsintsiyar tana da giɓi. Wata rana tartsatsin mai walda ya ƙone mata gashi a kusa da gefen hagu, faɗin yatsa biyu. Tun daga nan duk jan da Baba ya yi sai ya bar wani ɗan tudu siriri a inda giɓin ya bi. An kawo masa sabuwa har sau biyu, ya ba Umma ta yi wankin banɗaki da su. Ya ce wannan tudun shi ne sa hannunsa, tunda bai iya na biro ba. Har yau ina iya tafiya a gari in kalli bakin wani shago in ce nan Baba ya yi aiki.

Ya ba ni labarin yadda abin ya faro ya fi sau ashirin. Yana sabon shiga sana'a aka ba shi daɓen bakin famfon unguwa. Ya zage ya goge shi sumul, yana jiran yabo. Kwana uku da buɗe famfon wata mata ta ɗauko bokiti cike a kai, ta taka, ƙafa ta tafi, ta zube ta karye a hannu. Da aka nuna mata wanda ya yi aikin, ta iso gabansa da hannu a ɗaure, ta tambaye shi ko madubin duba fuska aka ce ya yi musu. Daga nan ta wanke shi tas a gaban jama'a, ta haɗa da wanda ya koya masa sana'a. Baba yakan ce a duk malamansa babu wanda ya kai matar nan, kuma ko sunanta bai sani ba.

Madubi na gaske kuwa daga baya ya zo, shi ne Kawu, ƙanin Umma. Ya iso gidanmu yana ɗan shekara ashirin, karatu ya ƙi, kasuwa ta ƙi, Kaka, mahaifiyarsu, ta rasa yadda za ta yi da shi. Baba ya damƙa masa cokali. Ashe nan rabonsa yake. Allah ya ba Kawu hannun guga: in ya bi daɓen ɗaki da cokalin ƙarfe sai ka hango ƙyallin taga a ƙasa. Magina suka sa masa Madubi, sunan ya bi shi har gida, mu ma Kawu Madubi muke cewa. Shekara ashirin da shida suna aiki tare, na ciki na Kawu, na waje na Baba. Kwano ɗaya suke ci a wurin aiki, kuma bakinsu ba ya hutawa.

"Yaya yana ɓatawa, ni ina gyarawa," in ji Kawu.

"Kai kana kayar da bayin Allah, ni ina tsayar da su," in ji Baba. "Kuma ka rage cin naman nan, mijin yayarka ne ya saya."

Ni kuma malamar firamare ce, aji huɗu nake koyarwa. Duk shekara akwai darasin Turanci na siffofin abubuwa, mai zafi da mai sanyi, mai nauyi da mara nauyi, mai santsi da mai kaushi. Da na gaji da zanen allo, sai na roƙi Baba da Kawu suka zuba mini 'yan guntayen kankare biyu, kowanne kamar faɗin littafi. Kawu ya goge nasa, Baba ya ja wa nasa tsintsiya. Nakan sa ɗalibai su rufe ido su shafa, sannan in rubuta musu kalmar Turancin kowanne. Ta kaushin ba sa taɓa mantawa da ita. Nakan ce musu su nemo mini inda za a yi amfani da kalmar, su kawo samfefa, da buhu, da bawon bishiya, da diddigen kakarsu. Nakan kuma faɗa musu cewa kaushi ba aibi ba ne: da gefen kwalin ashana santsi ne da shi, da ba a kunna wuta ba. Wannan maganar ta Baba ce, na dai ara ban faɗi mai ita ba.

Aikin da ya raba su wani sabon asibitin haihuwa ne, na wata likita mai zaman kanta. Akwai dogon gangare daga bakin get zuwa ƙofar ɗakin karɓar masu naƙuda, ba rufi a samansa, an yi shi ne domin keken marasa lafiya da masu ciki da ba sa iya hawa matakala. Baba ya ja masa tsintsiya ja arba'in da ɗaya, ya ƙirga. Da yamma ya biyo ta makarantarmu ya ce in zo in gani. Layukan sun miƙe kamar an sa ma'auni, ɗan tudun giɓin nan yana bin kowane ja a wuri ɗaya. Ban taɓa ganin Baba yana alfahari da aiki kamar ranar ba.

Likitar ba ta gari lokacin da aka zuba. Da ta dawo ta zagaya da wani sabon injiniya, ya rubuta abubuwan da ba su yi ba, aka ba Baba kwafi. Ya kawo mini takardar gida in karanta masa, tunda da Turanci take. Shida na farko ƙananan abubuwa ne. Na bakwai gangaren ne, kuma ga kalmar nan tawa ta aji huɗu zaune a tsakiyar layi.

"Baba, wai gangaren yana da kaushi."

Ya yi dariya har da buga cinya. "To ai ya yi gaskiya. Injiniyan nan yana da ido."

"Ya ce aikin bai kammalu ba. A fasa a sake."

"Ba komai, Uwata. Bai sani ba ne, ba a koya musu wannan a takarda. Gobe zan nuna musu. Ga Madubi ma a wurin, shi zai gaya musu."

Uwata yake ce mini saboda sunan mahaifiyarsa na ci. Washegari ba makaranta, na ce zan raka shi ko za a buƙaci mai fassara. Da na san abin da zan fassara da na zauna a gida.

Da hantsi muka taru a bakin gangaren: likita, injiniya, Baba, Kawu, da leburori sun jingina da shebur suna kallo. Baba ya sa aka kawo bokitin ruwa ya sheƙa a kai, ya hau ya sauko da silifa, ya roƙi likita ta gwada. Ta dubi takalminta mai tsini ta ce a'a. Ta ce ƙafar keke za ta riƙa kakkarwa a kai, datti zai maƙale a layukan, kuma wannan ne abu na farko da mai shigowa zai gani. Ban ga laifinta sosai ba, ba sana'arta ba ce. Tambaya ta yi, kuma ta tambayi wanda ya dace. Ta juya wajen Kawu, wanda daɓensa na cikin baranda ya riga ya burge ta.

"Kai fa, Malam? Da gangan ake yin haka, ko kuskure ne?"

Kawu yana riƙe da cokalinsa, yana goge shi da tsumma, alhali cokalin tas yake. Baba ya juya yana murmushi yana jiran ya yi magana.

"Ranki ya daɗe, a yi masa uzuri," in ji Kawu, idonsa a kan cokalin. "Girma ne ya zo. Hannunsa ya fara rawa, ba ya iya guga kamar da, shi ya sa yake bi da tsintsiya ya rufe. Mun daɗe muna rufa masa asiri."

Na ɗauka Baba zai dube shi. Na ɗauka zai daka masa tsawa, ko ya yi dariya ya ce wasan ya isa. Bai yi ko ɗaya ba. Hannunsa na dama ya ɗaga ya kalla, ya juya bayansa, ya juya cikinsa. A duk abin da Kawu ya yi mana, wannan kallon ne ba zan taɓa yafe masa ba.

Ni ban gaji haƙurin Baba ba, bakin Kaka na ɗauko. Na ce wa Kawu maƙaryaci a gaban likita da leburori. Na tuna masa wanda ya fara sa masa cokali a hannu, da ɗakin da ya kwana a ciki shekara bakwai. Ina cikin zuba Baba ya dafa kafaɗata.

"Uwata, ya isa. Kawunki ne."

Muka fito ba tare da ya ɗauki komai ba. Kashegari aka kawo masa kayan aikinsa a buhu, cokali da katako da ma'auni da igiya. Babu tsintsiya. Aka tambayi mai gadin sito, ya ce bai gan ta ba.

Aka fasa gangaren aka shimfiɗa masa tayil mai sheƙi. Aka ba Kawu shugabancin magina a gini na biyu na asibitin, wanda daga baya muka ji tun kafin ranar injiniyan ya fara yi masa maganarsa. Ko wani ya taɓa faɗuwa a gangaren ban sani ba, ba zan ƙirƙira ba. Na dai wuce bayan ruwan farko na ga an shimfiɗa doguwar tabarmar roba baƙa tun daga sama har ƙasa. Na dawo da saurina na faɗa wa Baba, ya ce, "Ƙila don datti ne."

Magana a bakin magina ba ta kwana. Cikin wata guda kowa ya ji hannun Baba Tsintsiya ya tafi, kuma ƙanin matarsa da ya fi kowa saninsa ne ya faɗa. Manyan ayyuka suka ɗauke. Wannan da sauƙi, domin ƙananan ba su ɗauke ba, maƙwabta suna zuwa, wannan da matakala, wancan da bakin rijiya. Baba ne ya riƙa mayar da su. Ya ce ba zai ɓata wa mutane siminti ba.

Sai ya tsiro da wata al'ada. Kowace safiya, kafin ya karya, zai cika kofin silba da ruwa har baki, ya miƙe hannu da shi, ya zuba wa ruwan ido.

"Uwata, zo ki duba mini."

"Ba ya rawa, Baba. Ko ɗigo bai zuba ba."

"Duba da kyau."

"Wallahi ba ya rawa."

"Ke 'yata ce, ko yana yi ba za ki faɗa ba." Sai ya ajiye kofin. "Shi kuwa shekara ashirin da shida yana tsaye kusa da hannun nan. Me zai sa ya yi mini ƙarya? Ƙila da cokali ne yake yi, ba da kofi ba. Mutum ba ya ganin nasa."

Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Baba ya gwammace ya tuhumi hannunsa da ya tuhumi Kawu. In na zagi Kawu sai ya kare shi, ya ce yaron ya daɗe yana haƙuri da shi, ranar ce kawai aka matsa masa ya faɗi gaskiya. Har ya kai ga cewa ƙila ita kanta tsintsiyar tsohon yayi ce, shi ne ya maƙale mata saboda wata mata da ta zage shi shekara talatin da wani abu da suka wuce. Na kai shi asibiti, likitan ƙashi ya sa ya miƙe yatsu, ya ɗora masa takarda a kai, takarda ko motsi. Baba ya ce ai likita ba birkila ba ne.

Ya koma zaman benci a ƙofar gida, yana gyara wa maƙwabta mariƙin tukunya da ƙafar kujera. Tafin hannun Baba da muka sani, wanda in ya shafa kanka sai ya kama gashi, wanda Umma ke tsokanarsa wai ya yage mata zanin gado uku, ya fara laushi. Wata rana na miƙa masa rediyo hannunmu ya haɗu, na ji tafin sumul kamar na ma'aikacin ofis. Na shiga ɗaki na yi kuka. A shekarar ban fito da guntayen kankaren nan a aji ba, na koyar da darasin da samfefa da gilashin taga.

Umma kuwa tana tsakiya. Ta yi kuka a ranar, ta ce ƙaninta bai kyauta ba, daga nan ba ta ƙara cewa komai ba. Wata biyu bayan abin Kawu ya ƙarasa sabon gidansa ya ɗauke Kaka ya mayar da ita can. Umma tana zuwa duba mahaifiyarta duk ƙarshen mako. Ni na rantse ba zan taka gidan ba, kuma na cika, a waya nake gaida Kaka. Baba ma bai je ba. Shi ba fushi ya hana shi ba, kunya ce, wai da wane ido zai kalli wanda ya sha wahalar rufa masa asiri.

Haka muka yi shekara biyu. Ran nan Umma ta kwana a can saboda jikin Kaka ya motsa, da safe ta bugo waya ta ce tsohuwa tana nemanmu, ni da Baba, kuma ta ce ba ta son jin uzuri. An kwana ana ruwa, gari ya waye a jiƙe. Baba ya sa rigarsa mai kyau muka tafi.

Gidan Kawu gidan Madubi ne, ba sai an faɗa maka ba. Barandar gaba tana ɗaukar ido, na riƙe bango ina takawa a hankali don kada in zame. Matar Kawu ta ce ɗakin Kaka yana baya, mu zagaya ta gefe. Daga kwanar gidan zuwa ƙofar Kaka akwai 'yar hanya ta kankare mai ɗan gangare, ta wuce har banɗakinta, da matakala biyu a ƙarshe. Baba yana gaba ina biye. Taku uku ya yi ya tsaya cak, har na yi karo da bayansa.

Ya zare takalmin dama ya goga tafin ƙafarsa a ƙasa. Sannan ya tsuguna, da rigar tasa mai kyau, ya shafa da hannu. Sai a lokacin na duba. Layuka ne sirara a jere, a gicciye da hanya. Baba ya haɗa yatsu biyu ya ɗora a kan wani ɗan tudu kusa da gefen hagu, ya bi shi har ƙarshe. Ya matsa ja na gaba, ga tudun. Na gaba ma ga shi. Gefen hanyar har ya yi gansakuka, ba aikin jiya ba ne.

"Nan ya yi gaggawa," in ji Baba, kamar da kansa yake magana. "Bai bari ya kame ba." Ya matsa gaba kaɗan. "Nan kuma ya yi daidai."

Ya bar hannunsa a ƙasa. Ina tsaye a kansa ina kallon ƙeyarsa, na ga lokacin da abin ya isa gare shi.

Kawu ya fito daga ƙofar baya yana gyara hula. Ya yi ƙiba. Ya fara "Yaya, sannu da zuwa," sai ya ga inda hannun Baba yake, sauran gaisuwar ta maƙale.

"Yaushe ka zuba wannan?" in ji Baba, bai ɗago ba.

"Kafin Inna ta tare."

"Wata nawa bayan asibiti?"

"Ɗaya. Ko biyu."

"Kai ma hannunka rawa yake yi?"

"Yaya, tsohuwa ce. Wurin yana shan ruwa. In ta zame..."

Ni ina da maganganu cike da baki, na masu ciki da ke hawa tayil a cikin ruwan sama, na kofin silba, na shekara biyu. Ban faɗi ko ɗaya ba, domin Baba ya miƙe tsaye, kuma ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

"Kawo mini tsintsiyata."

Kawu bai ce wace tsintsiya ba. Ya shiga wani ɗan sito ya fito da ita. A wanke take, an rataye ta yadda Baba ya koya masa, gashi a sama don kada ya lanƙwashe. Ya miƙa da hannu biyu.

"Yaya, na so in zo. Wallahi na sha ɗaukar hanya. Shekara ashirin da shida ina bayanka, duk inda muka je yaron Baba Tsintsiya ake ce mini, ga furfura a kaina. Na ga dama ce ta zo sau ɗaya. Ban zaci za ka ɗauki maganar da gaske ba."

"Kai ka faɗa," in ji Baba. "Shi ya sa na ɗauka."

Ya jingine tsintsiyar a bakin ƙofar Kaka, ya cire ɗaya takalmin, ya yi sallama ya shiga. Kaka tana kishingiɗe a kan gado ta rame, amma bakin yana nan. Umma tana zaune a gefenta da kwanon magani. Baba ya durƙusa ya gaida surukarsa yadda ya saba, ya tambayi jiki, ya tambayi barci. Kaka ta yi masa faɗan shekara biyu a dunƙule, ta juyo kaina ta ce ni kuma mai baƙin taurin kai, da wa na yi kama. Na ce da ita. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

Da ta lafa sai ta kama hannun Baba. "Allah ya yi maka albarka. Ka ga hanyar nan ta waje? Ba don ita ba da tuni na karye. Ina ganinta na ce wa matarka wannan tsintsiyar mijinki ce, ga giɓin nan, ko a mafarki na san shi. Kullum ta zo sai na ce ta yi maka godiya da ka ara wa ƙaninka. Tana faɗa maka kuwa? Don na san halinta da mantuwa."

Umma ta sunkuyar da kai tana juya cokali a cikin kwanon da ba komai a ciki. Baba ya dube ta, ya daɗe yana dubanta.

"Tana faɗa mini, Inna," ya ce. "Kullum."

Kawu ya ce zai kai mu gida a mota. Baba ya saɓa tsintsiyarsa a kafaɗa ya fita, na bi shi. A ƙafa muka koma, tafiyar kusan awa guda. Masu shaguna a layinmu suna ganinsa da ita suka fara ɗaga hannu, wani ya ce Baba Tsintsiya an dawo ke nan. Ya ci gaba da tafiyarsa. Ni kuma ina ta lissafin cewa da na taka gidan nan ko sau ɗaya, da tun shekara biyu na gani. Ina alfahari da fushina, ashe shi ma ya taimaka wajen rufe maganar.

Umma ta dawo da la'asar. Ta same shi a tsakar gida a kan tabarma, tsintsiyar a gicciye bisa cinyarsa, yana cire busasshen siminti daga gindin gashin da farce. Ta ajiye mayafi ta tsaya. Na so in ba su wuri, amma na tsaya.

"Sau nawa kika taka hanyar nan?" in ji Baba.

Ta kau da kai gefe.

"Kowace safiya kina tsaye a bakin murhun can, ina nan da kofi a hannu. Kina kallona."

"Da na faɗa maka, da kun rabu har abada," in ji Umma. "Na ce ko za ka warware da kanka, ka koma aiki, maganar ta mutu. Ƙanina ne, Malam. Shi kaɗai gare ni."

"Ni kuma fa?"

Ta shiga kicin, muka ji ta kunna risho, domin Umma in ta rasa abin faɗa shayi take dafawa. Ta fito da shi a kofin silbar nan, don shi ne kofin Baba tun kafin a haife ni, ta durƙusa ta miƙa masa.

Baba ya daɗe bai karɓa ba. Da ya miƙa hannu ya riƙe kofin, sai shayin ya fara kaɗawa, ya tumbatsa, ya zubo masa a yatsu, ya ɗiga a kan tabarma. Ina tsaye taku biyu daga gare shi, na gani da idona, ranar ce ta farko da hannun Baba ya yi rawa. Bai ce in zo in duba masa ba.